Shagon Maman Laraba

Har yau ban yafe wa dattawan layinmu rufe shagon gem ɗin Maman Laraba ba, kuma ba na jin zan yafe. A damina ne, farkon shekarun dubu biyu, ina yarinya mai tallan ɗanwake a ƙofar wani kamfanin jima a Sharaɗa. Ba a sa ni boko ba, sai da na haifi 'ya'ya uku na kai kaina ajin manya, saboda haka makarantata a lokacin ita ce bakin kamfani: jiniyar tashi, warin fata, da kwatar da ruwanta ke fitowa yau ja gobe shuɗi, muna tsallake ta da faranti a ka.

Maman Laraba mutuniyar kudancin Kaduna ce, mijinta ya rasu yana aikin masaƙa. Da kuɗin sallamarsa da aka ba ta ta sayi talabijin biyu da ƙaramin janareta, ta jera benci. Yara maza kan cika shagon har ƙofa, mutum biyu na riƙe da hannun gem, sauran na ihu kamar su ake duka, kuma dokar wurin ɗaya ce, wanda ya ci ya zauna. Mu mata sai leƙe ta taga. Amma ranar Juma'a, da zarar maza sun ɗunguma masallaci, sai ta daga labule ta ce, "Ku shigo, 'yan mata, yau gari naku ne." Mu ajiye farantai a ƙarƙashin benci, mu goge manja a zani, mu kama. Ni a cikin 'yan gem ɗin wata mai kitso biyu nake zaɓa, mai harbi da ƙafa, na kuwa casa ƙarti da ita har ba adadi. Duk mako, wannan ne kawai lokacin da kaina ba ya ɗauke da komai.

Ranar da abin ya faru, wani yaro Iliya ya ci ɗanwakena ya ƙi biya, da na riƙe masa riga sai ya shure farantin cikin kwata, ya bi ni da mari. Yayana Sabitu ya fito daga shagon, ya daka tsalle ya harbi Iliya da ƙafa a baki, yana irin ihun da 'yan cikin gem ke yi. Haƙori ya fita. Ihun nan kawai manya suka ji. Da la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, kowa na cewa akwatin nan ne ke koya wa yara zub da jini, alhali waɗannan mutanen su ne suke ba mu labarin yadda suka fasa kan juna a dambe da ƙuruciya. Na kutsa na ce ni aka fara mara. Wani Alhaji ya ce, "Ke, da manya ake." Aka zane Sabitu, aka sa wa shagon kwaɗo, kafin kaka Maman Laraba ta ɗaure kayanta ta koma garinsu. Babu wanda ya tambayi me ya haɗa faɗan.

Ba na cewa gem ba shi da illa. Na yanzu ma tsoro yake ba ni, yaro shi kaɗai a lungu da waya, ba Maman Laraba da za ta ƙwace hannu in ya yi zagi, ba abokan da za su yi masa dariya in ya sha kaye. Namu a bainar jama'a muke yi, kuma ina kewarsa.

Shekaranjiya aka kira mu makarantar ɗana Nura, wai ya fasa wa wani leɓe. Malamin ya ce wasan waya ne, babansa ya ƙwace wayar, magana ta ƙare a wurinsu. Ni kuwa farantina nake gani yana yawo a ruwan kwata. Washegari da safe, kafin ya sa takalmi, na zaunar da shi a tabarma na ce, "Nura, faɗa min tun daga farko, me ya yi maka?"