Allon Turancin Hafsatu

Jiya na shigo zaure na tarar da 'yata Hafsatu ta rubuta kalmomin Turanci a allonta, tana rera su. Kwanakin nan har kuka take yi, wai Turanci rubutunsa daban, faɗarsa daban.

Ga kuma Baba, mai makarantar allon unguwarmu, yana tsaye a kanta.

Ta ce, "Malam, kalmomin nan ba su da ƙa'ida, sai dai hadda."

Ya ce, "Wanke wannan, na Alƙur'ani ne."

Yau ya dawo daga kasuwar Gwaram da sabon allo. Ya ce, "Ungo na Turancinki. Kar ki wanke sai kin biya mini."

Baba ko harafin boko bai sani ba. Ku fa, wa ya tsaya muku haka?