Jira-Tukuna

A ofis ba wanda ke kiran abokina da sunansa, Jira-Tukuna kowa ke ce masa. Shekara goma sha shida ya yi yana aiki can cikin cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sashen da ke shigar da manyan fayiloli da fitar da su. Aiki ne da ba a ganinsa sai ya lalace.

Matarsa ba ta gane aikin ba sai da ta yi ɓarna. Suna amarci ta kwafi bidiyon bikinsu a filas, ɗan ƙaramin faifan ajiya, allo ya ce an gama, ta zare, ta goge na asali. Da suka kunna, bidiyon ya tsaya daidai inda ya miƙo mata hannu. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Shi kuwa ya ja ta kicin, ya ɗora mazurari a bakin kwalba, ya juye kofin ruwa gaba ɗaya.

"Kofi ya ce ya gama, ko? Dubi ruwan, yana mazurari. Haka kwamfuta take. Ta tara a ƙwaƙwalwarta ta ce an gama, alhali ba ta gama zubawa ba. Aikina in hana mazurarin cika, in sa a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan."

"Wato mai gadin mazurari na aura?"

"Babba ma kuwa, Hajiya."

Haka yake a komai. Ba ya ajiye waya sai ya ji ɗayan ya fara ajiyewa. In ya rako ka, yana tsaye a ƙofa har ka sha kwana. Ciwon da ya kama shi ne kawai bai jira ba: kwana tara, muka kai shi. Allah ya ji ƙansa.

Bayan sati uku ofis suka aiko direba ya karɓi kwamfutarsa, za a goge duk abin da ke cikinta a ba wani. A ciki akwai bidiyo guda na awa huɗu, ranar da ya manta kyamara a kunne a falo: yana gyaran fanka, yana waƙa ba daɗi, yana yi wa 'yarsu kitson da bai iya ba. Muryarsa ba ta ko'ina sai nan.

Yayan matar ya zauna kan tebur ya kwafa mata a faifan ajiya. Direba na ta hon a waje. Allo ya ce an gama.

"Alhamdulillahi," in ji yayan, ya kai hannu zai zare wayar faifan.

Ta cafke wuyan hannunsa.

"Yaya, jira tukuna."

"Ke, ba ki ga rubutun ba? Bawan Allah na ta jira."

"Ya jira. Dubi fitilar."

Ƙaramar fitilar faifan tana ta ƙyaftawa. Ta ɗora tafin hannunta a kansa yadda mijinta ke yi, ta ji yana rawa a hankali, da ɗan ɗumi. Direba ya leƙo, ya ga fuskarta, ya koma ya kashe mota.

Minti shida fitilar ta yi kafin ta tsaya. Ta sa yayan ya jona faifan a tasa kwamfutar, ya kai bidiyon can ƙarshe. Ga abokina ya matso da fuskarsa, yana dariya, yana cewa, "Au, ashe abin nan a kunne yake?"

Sai a lokacin ta ce wa direba ya shigo ya ɗauka.