Wutar Wankan Goggo Hajo

A gidanmu na Tsibiri ba a hura wuta a tsakar gida sai in akwai mai jego. Shekarar da ƙanwar babana, Goggo Hajo, ta dawo daga gidan mijinta a Bakura, an ɗora wata ƙatuwar tukunya a bakin rumbu, ana dafa mata ruwan wanka safe da yamma. In an kwashe ruwan yamma, sai garwashi ya rage. Mu yara mu zagaye shi bayan isha'i, kakarmu Ige ta jawo 'yar kujerarta ta zauna, mu ce a yi mana tatsuniya.

Wannan jegon bai yi kama da waɗanda na sani ba. Goggo ta daɗe tana naƙuda, yaron kuma bai zo da rai ba. Ba a yi suna ba. Mata sun zo gaisuwa sun tafi, ita kuwa tana cikin ɗaki, ba ta fitowa sai wanka. Kullum ana shanya tabarmarta da zannuwanta a bayan ɗaki, kullum ana turare, amma akwai wani wari da turaren bai iya rufewa. Ruwa ma ta daina sha. In na kai mata moda sai ta jiƙa leɓe kawai ta miƙo mini. Mijinta Malam Sani, mai fataucin shanu, yakan biyo ta gidanmu in ya taso daga kasuwa, ya daɗe a zaure, a ce masa tana barci.

Kaka ma ba ta zama lafiya a lokacin. Ta tona wuta, ta tashi ta leƙa ɗaki, ta dawo, ta sāke gyara itacen da bai buƙatar gyara. Sannan ta ce, "Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?" Mu ce, "Mu ne, ta iso!"

Labarin wata farar saniya ne da ta haihu a daji, haihuwa mai wuya, wani abu ya tsage a cikinta. Tun daga ranar duk inda ta taka sai ta bar danshi a ƙasa. Kunya ta kama ta. Ta koma bin bayan garke tana share sawunta da wutsiya. In an je mashaya sai ta tsaya nesa ta ce ta ƙoshi. 'Yan uwanta su ce, "Fara, lahiya?" ta ce, "Lahiya lau." Su wuce abinsu. Kura kuwa ta shinshino danshin, ta soma bin sawu, yau daga nesa, gobe kusa.

Wata balbela da ke sauka a bayanta ita ce ta lura. Ta ce mata a ƙetaren gulbi akwai wani tsohon gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, babu tsagar da ba ya ɗinkewa. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai mai abu ya faɗi da bakinsa inda ya tsage. Saniya ta ƙetare gulbi ta yi sallama. Gyartai ya ce, "Mi yak kawo ki?" Ta dubi ƙasa ta ce, "Gaisuwa na zo." Ya ce ya amsa. Ta juya. Da ta iso bakin ruwa sai ta tarar da sawun kura a kan nata.

A nan Kaka kan ɗaga murya, ta juya fuska wajen ƙofar ɗakin Goggo. Saniya ta sāke komawa, gyartai ya sāke tambaya. Sai Kaka ta yanke labarin.

"Kaka, sannan fa? Ta faɗa?"

"Ni ma ita nika jira," in ji ta. "Ku tashi ku kwanta."

Haushi ya ishe mu. Washegari mu roƙi wata tatsuniyar, ta ƙi, ta ɗauko wannan ɗin daga farko, ta kai ta ƙofar gyartai ta ajiye. Har na soma mafarkin kurar nan. Ina jin tafiyarta a bayan danga.

Wata rana, da aka zo daidai wurin, sai muka ji murya daga cikin ɗaki, a shaƙe.

"Inna, in gyartan ya yi mata dariya fa?"

Kaka ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Ya ga waɗanda sunka hi tata tsagewa, ɗiyata."

"In garken ya ji fa?"

"Garke ya ji. Su ma duk haihuwa sukai."

Zuwan Malam Sani na gaba, an shigo da shi har ɗaki, aka kore mu waje. Ya fito idonsa jajir, ya tafi neman mota. Shi da babana suka kai ta wani asibiti mai nisa. Ta yi makonni kafin ta dawo, a rame, tana tafiya a hankali, amma ta zauna a tsakar gida cikin mutane. Da muka matsa wa Kaka ta ƙarasa mana labarin saniya, sai ta ce ta manta ƙarshen.

Sai da na girma na san sunan abin, yoyon fitsari, na kuma san cewa Goggo ta rantse gara ta mutu da ta buɗe jikinta gaban likita, ko ta bari mijinta ya sani. Har salla ta daina, tana ganin ba ta da tsarki. Na ji tausayinta, amma a raina na ce wannan abin mutanen dā ne. Ni na yi sakandare a garin Kaya. Na ɗauka ba zai same ni ba.

Aure ya kawo ni Talata Mafara, gidan mahauta. A haihuwata ta huɗu na ƙaru, aka yi mini ɗinki, ɗinkin bai kama da kyau ba. Aka yi arba'in ina nan da zogi. In na yi tari ko dariya sai in ji na jiƙe. In na daɗe a tsaye sai in ji kamar wani abu na saukowa daga cikina. In maigidana Bello ya matso, sai in ƙirƙiro faɗa a kan cefane ko kukan yaro, in juya masa baya. Ba na iya zama wuri ɗaya. In share tsakar gidan da na riga na share. Mata su ce, "Ya ƙarfin jiki?" in ce, "Alhamdu lillahi."

Na daure na je asibiti. Layi ya zo kaina, ma'aikaciyar jinya ta ɗago kai ta ce, "Me ke tafe da ke?" Akwai mata a bayana suna ji. Na ce, "Ciwon kai." Ta rubuta mini magani. Ina kan babur a hanyar gida, ƙullin maganin a hannuna, na ji muryar Kaka Ige, wadda ta daɗe da rasuwa, kamar tana zaune a bayana tana cewa, "Ni ma ita nika jira." Na ce wa mai babur ya juya.

Da yamma na faɗa wa Bello. Ya ce, "Shi ne kika bar ni ina ta neman laifin da na yi miki?" An sāke ɗinkin, an koya mini yadda zan riƙa motsa naman wurin. Na samu sauƙi sosai, ko da yake har yau ina kiyaye ɗaukar abu mai nauyi.

Abin da ke hana ni sukuni yanzu ba saniyar ba ce. Garken ne. Gaisuwarmu doguwa ce, muna tambayar gida da yara da gajiya, amma amsar a shirye take tun kafin a tambaya, kuma mun fi son mu ji ta mu wuce.

Makon jiya na je Maradun barka, matar ƙanena ta haihu. Tun da muka shiga ba ta zauna ba, tana jingine da bango tana murmushi, tana sauya ƙafa. Na bari sauran mata suka fita cin abinci. Ban tambaye ta komai ba, nawa labarin na soma ba ta, tun daga ɗinkin har ƙaryar ciwon kai. Ta dubi labulen ƙofa. Can ta ce, "Yaya, tura ƙofar nan da kyau."