Ƙofar Baba a Jarwal

Babbar 'yata tana da wani ciwo da ban san maganinsa ba, wato kallon fina-finan katun na Japan. Shekararta sha tara, amma in ta ƙura wa waɗannan masu manyan idanun ido, ko gobara ake yi sai an taɓa ta. Ita ta ba ni labari wai a can mutane kan yi tafiya takanas su nemo ainihin titin da aka zana, su ɗaga hoton su daidaita shi da wurin. Na ce mata aikin banza, makaho da waiwaye.

Wata Juma'a bayan la'asar, a gidanmu na unguwar Rusaifa a nan Makka, tana kallon wani da aka sako Makka ta dā a ciki. Mahaifina yana zaune kusa da ita. Lokacin tsufa ya fara cin tunaninsa. Yakan kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu, ya ma daina tsokanar jikar tasa da “amarya” kamar yadda ya saba tun tana goye. Sai ya leƙa wayar, ya ɗora yatsa a kan wata matakala mai koriyar ƙofa a samanta.

“Lungunmu ne na Jarwal,” in ji shi. “Nan aka haife ni.”

Yayana da ke gefe ya yi dariya. “Halas, ya isa, Baba, zane ne kawai.”

Baba ya janye yatsansa ya kau da kai. Abin nan ya ƙona mini rai, don an daɗe a gidan ba a ɗaukar maganarsa da nauyi. Ni kuwa kowa ya san ni da kafiya. Na ƙudura sai na nemo wurin nan, in nuna musu har yanzu mutumin ya san abin da yake faɗa.

Asabar biyu muka kwashe ni da yarinyar muna zaga Jarwal cikin rana, ita riƙe da waya, ni riƙe da ƙugu. Otal ne bayan otal, babu matakala balle ƙofa. Ta ce, “Ummi, yalla mu koma.” Na ce mata ita ta jawo, sai ta ƙarasa.

A Asabar ta uku muka nuna wa wani dattijo mai shago, cikin Hausawan da suka zo ta Sudan. Ya daɗe yana duban hoton.

“Hajiya, ku gini kuke nema, an kuwa rushe. Mu da dutse muke kwatance. Dubi bayan ƙofar.”

Ashe a cikin zanen akwai dutse a bayan ƙofar, mai giɓi a tsakiya kamar wushirya, ba mu taɓa lura da shi ba. Muka bar duban ƙasa muka koma duban sama. Kafin azahar muka same shi a bayan wani otal, gabansa filin ajiye motoci ne fetal.

Washegari na tilasta wa yayana ya kai mu, yana ta ƙunƙuni. Baba ya sauko da sandarsa. Ko wayar bai kalla ba, dutsen ya duba, sai ya fara tafiya. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta yake, amma yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai hawa matakala. Yarinyar ta ɗaga wayar ta daidaita giɓin zanen da giɓin dutsen, ni da yayana muna leƙe ta kafaɗarta. Inda Baba ya tsaya, nan koriyar ƙofar ta faɗa.

Na juya na ce, “Yaya, zane ne kawai ko?” Sai ya shiga goge tabarau.

Baba ya gyara tsayuwa ya ce, “Salamu alaikum.”

Babu kowa a gabansa sai motoci. Na ji tsoron kada ya yi ta jiran amsa. Sai yarinyar nan, wadda kullum in an yi mata Hausa da Larabci take mayarwa, ta miƙo mini wayar, ta ruga ta tsaya a gabansa.

“Wa alaikumus salam, Sidi,” ta ce wa kakan nata. Ta laluɓo sauran da ƙyar. “Sannu da zuwa. Shigo.”

Ya ƙare mata kallo, ya buga sandarsa a ƙasa.

“Amarya, ashe kina ciki, kika bar ni tsaye a rana?”

Na yi kuka a filin motocin nan, ban kuma ji kunyar kowa ba.