Tsibirin da Na Rubuta Ba Kowa a Cikinsa

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba wani ne ya ba ni labari ba. Shekarun baya ina Kuala Lumpur ina digirin digirgir a fannin shari'a, bincikena kuwa a kan wasu tsibirai ne can ƙuryar arewacin duniya: wace ƙasa ke da su, wa ke mulkinsu, dokar wa ke aiki a kansu. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firji! Shekara uku ina buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ina leƙa kangayen ma'aikatan haƙar kwal da aka watse aka bari, har na fi sanin lungunansu a kan na unguwarmu.

Ranar da zan miƙa kundin, ƙarfe huɗu za a rufe karɓa, bizata kuma ƙarshen wata za ta ƙare, in na kuskure sai gida hannu rabbana. Ina zaune a mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, nan Bukit Jalil, rana tsaka ana zuba gumi, sai ga wani dattijo cikin jibgegiyar rigar sanyi ta gashi ya ja kujera. Ya yi min sallama da Hausa garau, na amsa, na ce, "Baba, makan? A kawo shinkafa?"

Ya ce, "Ba ci ya kawo ni ba. Kai ne ka rubuta wai ƙaramin tsibirin nan ba kowa a cikinsa?"

Gabana ya faɗi, don ko malamina bai karanta shafin ba. Na ce ai haka doka ta ce, Baba, gwamna ɗaya ke kula da su duka, kuma a rajistarsa ba mazauni ko ɗaya. Ya ce rajistar wa? Su suna can tun kafin a ƙirƙiro takarda, aka zauna a Turai aka raba musu gari ba wanda ya aiko ko da goro. Wannan ma sun haƙura, Turawa ne, ba su san kango yana da masu shi ba. "Amma kai ɗan Musulmi, Bahaushe, shekara uku kana leƙa mana tsakar gida daga sama, ko sallama babu? Iyalina ba su da sakewa!"

Innalillahi! Kunya ta ma fi tsoron kama ni. Na ce a yi haƙuri, amma in na rubuta akwai mutane, hujja za a tambaye ni, in kawo wa? Muka yi ta ja kamar masu cinikin atamfa, ina kallon agogo, har muka daidaita a kan "babu mazaunin da hukuma ta sani". Na sunkuya na gyara a kwamfutata, ina ɗagowa ba kowa. Na ɗauki shayina in kurɓa, ya daskare, cokalin a tsaye cak. Mai shagon ya juya kofin ya ce da irin maganarsu ta can, "Boss, ni da zafi na kawo lah."

Na miƙa kundin saura minti goma. Ranar kare shi malamai biyu ne, Bamaleshiya da Ba'indiye, suka ce na ci, suka ba ni takardar gyare-gyare guda shida. A ƙasa akwai na bakwai, da rubutun hannu, da Hausa: "Mun gani, madalla. Amma gwamnan da ka ce yana mulkinmu, har yau bai zo gaisuwa ba." Na nuna musu, kowa ya ce ba hannunsa ba ne, suka ce in fassara, na ce addu'a ce.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Don Allah 'yan'uwa, in za ku zuƙo taswira a waya ku leƙa wurin da aka ce ba kowa, ku fara da sallama. In kuma kun ji an amsa, ku kashe data.