Gorar Zoɓon Jesse

Duk unguwar Barunde an san Mama Edna da zoɓo. Da shi ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, tana dafawa da citta da kanumfari ta ɗura a gorunan roba. Abin alfaharinta shi ne autanta Jesse ba ya rabuwa da gorar zoɓonta. Har a coci takan faɗa wa mata ɗanta ba ya shan lemon kanti.

Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi likita ya gaya mata gaskiya: maganin tari mai kodin yake tsiyayawa a ciki, duhun zoɓon ya ɓoye shi. Ita kuwa da hannunta take miƙa masa gorar.

Yanzu an sallame shi daga asibiti, yana komawa ganin likita. An ce mata shaye-shaye ciwo ne, yana iya dawowa, kuma yawan sa ido yakan kori mara lafiya. Ta ji, amma hankalinta bai kwanta ba. In ya yi hamma sai ta tsura masa ido. In ya daɗe a banɗaki sai ta kasa kunne.

Jiya ya ɗauki gora a kular ƙanƙara, ya ga idonta a kansa. Ya miƙo mata.

"Mama, ɗanɗana."

Ta so ta ce ta yarda da shi, amma hannunta ya riga bakinta, ta karɓa ta kurɓa. Zoɓo ne zalla. Jesse ya karɓi gorar ya ajiye, bai sha ba.