Tambayar da Aka Yi wa Minista ta Raba Ni da Aminiyata

A lokacin da abin nan ya faru ni malamar lakwal ce 'yar kwantaragi, wato ba ma'aikaciyar dindindin ba, ina zaune a Matameye, ina koyarwa a wani ƙauye da ke kan hanyar Yauri. Mace ce ni mai zafin kai, kuma ina ganin kaina da wayo fiye da kima. Idan mutum ya yi mini murmushi sau biyu a wuni ɗaya, sai na zauna na binciko abin da yake nema a wurina. Mahaifiyata takan ce mini wata rana sai na zargi inuwata da bin bayana, ni kuwa in yi dariya in ce ai gara haka da a cuce ni. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cin raina, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, wanda ya san labarin ya san shi.

Ina da aminiya guda a duniya, tare muke koyarwa a ƙauyen. Moto ɗaya, wato babur, muke hawa kullum safe, ni ke tuƙi ita tana baya riƙe da jakunkunanmu da kwanon abincinmu, in rairayi ya kayar da mu mu tashi mu kakkaɓe muna yi wa juna tsiya. Ita mai sanyin hali ce, sai ta juya magana a ranta sau uku kafin ta fitar da ita. Da ta haifi 'yarta ta fari sunana ta sa mata, aka riƙa kiran yarinyar takwarata. Mijinta ma'aikaci ne a ofishin ansipekta mai kula da makarantun yankinmu, aikinsa karɓar takardu da jera su. Mutum ne mai kunya, in na shiga gidansu ko ido ba ya haɗawa da ni.

Makarantarmu rumfunan kara ce. Ba a fara karatu sai an gama girbi an samu karan da za a kafa aji, kuma da hadarin farko ya taso an tashi ke nan sai baɗi. Alhali a takarda muna da azuzuwa uku na siminti, domin an taɓa ba wani ɗan kwangila aikin, ya haƙa tushe, ya ɗora bulo har gwiwa, ya kwashe kayansa bai sake waiwayo ba. Awaki ke kwana a ciki. Mun yi ƙorafi har mun gaji. A wancan lokacin majalisar dokoki na zama a Yamai, kuma akwai ranar da ake kiran ministoci 'yan majalisa su yi musu tambayoyi, ana sawa a rediyo har da fassara. Ina son shirin nan kamar me. A tunanina depite, wato ɗan majalisa, yakan ɓoye tambayarsa ne a aljihu, sai minista ya zauna ya miƙe ƙafa sannan a watsa masa ita a fuska, ya rasa ta cewa a gaban duniya. Wannan tunanin shi ne tushen duk abin da na aikata, kuma ban taɓa tambayar kowa ko haka abin yake ba.

Ni na kawo shawarar mu kai maganar ga wani depite na yankinmu, Alhaji ne dattijo mai sauraron mutane. Aminiyata ta ji tsoro, ta tuna mini cewa mu 'yan kwantaragi ne, ba a so a ji ma'aikaci ya tsallake shugabanninsa. Na ce mata ba wanda zai sani. Na ɗauki hotuna da wayata, na tushen ginin da na rumfunan da yara a zaune a ƙasa, ita kuma da yake ta fi ni iya Faransanci ta rubuta bayanin a tsare: batun azuzuwa uku, sai rijiyar da ta rufta, sai watannin karatun da yara ke asara. Da Alhaji ya zo gari gaisuwar rasuwa muka same shi a keɓe muka miƙa masa. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce zai yi wa ministan da abin ya shafa tambaya a zauren majalisa, kuma sunanmu ba zai fito daga bakinsa ba. A hanyar komawa na sa aminiyata ta yi mini alkawari cewa ko mijinta ba zai ji ba. Ta ce ta yi, har ta ɗan ji haushi da na maimaita.

Saura kamar mako biyu a yi zaman, muna cikin darasi sai ga motoci biyu sun tsaya a bakin makaranta. Baƙi ne daga Yamai tare da ansipekta. Ba su yi dawurwura ba, suka wuce kai tsaye wurin tushen ginin, daga nan rijiya, daga nan suka tambayi darektan makarantar wata nawa yara ke asara a shekara. Bi da bi suke tafiya yadda aka jera a takardarmu, ko ɗaya ba su tsallake ba. Kafin su tafi ɗaya daga cikinsu ya leƙo rumfata, ya dubi allo, ya dubi ginshiƙin da nake rataye jakata, ya tambaye ni ko ni ce malamar ajin nan. Na ce ni ce. Ya gyaɗa kai kawai ya fita. Ajin aminiyata kuwa ko kallonsa bai yi ba. Bayan kwana uku kamyo, wato babbar mota, ya sauke siminti da kwano, magina suka kama aiki.

Mutanen ƙauye suna murna, ni kuwa ina lissafin mutane. Mu uku muka san maganar. Alhaji ba zai tona wa kansa asiri ya ɓata tambayarsa ba, ni ban faɗa wa kowa ba, saura mutum ɗaya, kuma mijinta a ofishin ansipekta yake. Tun daga ranar komai nata ya zama shaida a idona. In ta yi shiru a bayan moto in ce rashin gaskiya ne ya hana ta magana, in ta yi hira in ce tana lalube na ne. Ta ɗinka sabon leshi na ce tukwici ne. Ta kawo mini rake daga lambun mahaifinta kamar yadda ta saba, na karɓa na ba maƙwabta, don na ce na toshiyar baki ne. Har gaisuwar mijinta mai sunkuyar da kai, wadda na sani shekara da shekaru, ta koma mini ta mai laifi. Sau biyu tana tambayata ko ta yi mini wani abu, ina ce mata lafiya lau.

Ranar zaman na kasa kunne a rediyo. Alhaji ya yi tambayarsa da kyau, amma minista ko gezau. Ya amsa a nutse cewa sun san da matsalar, sun tura mutane sun gani, an karɓe aikin daga wancan ɗan kwangila, kuma a halin yanzu gini ya kai linta. Alhaji ya yi godiya ya ce zai ci gaba da sa ido. Shi ke nan, aka wuce wata tambaya. Na zauna kamar an zuba mini ruwan sanyi, domin kunyar da na so a ba minista ba a ba shi ba. Da aka dawo daga hutu sai ga takardar canjin wurin aiki, an tura ni wani ƙauye can bayan Tsauni, ita kuwa an bar ta inda take. Ba a rubuta dalili ba, ni ma ban nemi dalili ba, a ganina na riga na san shi.

A wani gidan suna na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Mata cike da tsakar gida, malamai 'yan uwanmu da matan unguwa, ta taso da fara'arta ta zauna kusa da ni. Na janye tabarmata. Na ɗaga murya na ce kowa ta kama bakinta, ga mai kai rahoto ta zo, wadda ke cin abinci kwano ɗaya da mutum ta je ta sayar da shi a ofis. Na zayyana komai, har leshin ban bari ba. Ta dube ni, sannan ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Na ce ban buƙata, wanda ya iya cin amana rantsuwa ba za ta yi masa wuya ba. Ta ɗauki mayafinta ta saɓa takwarata a kafaɗa ta fita, ba wadda ta bi ta. Bayan haka malamai suka riƙa yin shiru in ta shigo wuri. Da watanni suka ja na ji aurenta ya mutu, ta koma gidan iyayenta a Kance ta nemi a maida aikinta can. Allah ya yafe mini, da na ji labarin cewa na yi alhakina ne ya kama su.

An ɗauki shekaru kafin na sake haɗuwa da Alhaji, lokacin ya bar majalisa, a wurin wani ɗaurin aure. Na gaishe shi, na ce har yanzu ina takaicin yadda aka tsegunta wa minista tambayarmu. Ya dube ni da mamaki ya ce wace tseguntawa. Sai ya yi mini bayani kamar yana koya wa yaro karatu. Ya ce ai ba a yi wa minista irin wannan tambaya bagatatan. Depite rubuta ta yake yi ya ajiye a ofishin shugaban majalisa, daga nan a aika wa gwamnati, a ba minista kwanaki ya bincika ya shirya amsa, sannan a sa rana. Haka ƙa'idar take, kowa a can ya san da ita. Ya ce shi da hannunsa ya haɗa takardarmu da hotunan a cikin dosiye, wato fayil ɗin tambayar, don kada a ce ƙirƙira ya yi, bayan ya tabbata babu suna a jiki. Ya ƙara da cewa sau da yawa tambaya tana gama aikinta tun kafin a karanta ta a zaure, kuma ranar da ya ji an sauke siminti ya san mun ci nasara.

Ban san yadda na iso gida ba. Na binciko tsohuwar wayata na sa mata caji na buɗe hotunan. A na uku ga allon ajina da rubutun hannuna ɓaro-ɓaro, ga jar jakata rataye a ginshiƙi, jakar da duk wanda ya san ni a yankin ya san ta. Abin da baƙon nan ya tsaya yana dubawa ke nan. Ba wanda ya kai sunana ko'ina, ni na aika da shi Yamai da hannuna.

Washegari na hau mota zuwa Kance. Ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma irin ta baƙi, ta kawo ruwa a kofin da ake ajiyewa don baƙi, tana kirana Madam, ita da ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai na tsokana. Na faɗa mata komai ina kuka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce akwai abin da ban sani ba. Ta ce ranar sunan nan, yadda na yi magana ba ko shakka a muryata, sai ita ma ta yarda lallai daga gidanta maganar ta fita. Tun da ta san ba ita ba ce, sai ta ɗauka mijinta ne ya buɗe littafin da ta fara rubuta bayanin a ciki. Ta tsare shi da zargi dare da rana, yana rantsuwa tana ƙin yarda, yadda na yi mata, har zaman ya gagara. Yanzu ya yi wani aure. Ta ce ta yafe mini saboda Allah, amma ita wa za ta je ta ba haƙuri. Ana cikin haka yarinyar ta dawo daga lakwal, ta girma, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa. Uwar ta kira ta da wani laƙabi da ban taɓa ji ba. Har na tashi ban ji an ambaci sunana a gidan ba.

Abin da na koya shi ne jahilcina ne ya yi mini jagora, ni kuwa na ɗauke shi wayo. Tambaya guda da zan yi wa Alhaji tun ranar farko, cewa yaya ake bi da takardar nan, da ta wadatar. Na so a titsiye minista a ba shi kunya, alhali shi ma an ba shi kwanaki ya kare kansa, ni kuwa aminiyata ko minti ɗaya ban ba ta ba. Ina roƙon masu karatu, musamman masu irin halina, idan za ku kai kuka ga wakilanku ku kai, yana da amfani, amma ku fara sanin hanyar da kukan ke bi da hannuwan da zai ratsa. Kuma idan abu ya fito fili, kada ku fara da wanda ya fi kusa da ku don kawai shi ne idonku ke gani. Azuzuwan nan uku suna nan tsaye, yara na karatu a ciki ko ana ruwa. Duk lokacin da na bi ta hanyar Yauri nakan hange su, ni kaɗai a kan moto, bayana ba kowa.